Karanta Mana Lambar, Baba

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, duka. Masu zagina don na tsaya jiya daidai inda Sitt Busaina ta dire kwamfutarta a kan teburin babanmu, ku yi haƙuri, wannan shafin ne nake ta gudu. Shi kuma bawan Allahn da ya rubuto wai yayana Wisam "yana da tasa hujjar", ba zan zage ka ba. Allah ya ba ka ɗa irinsa.

* * *

Ƙarfe goma wutar gwamnati ta ɗauke, janaretan bene ya kama ruri, shagonmu kuwa ya cika har bakin ƙofa.

Aikin Wisam ne. A benenmu na Titin Sina'a, titin masu kwamfuta, in mai kaya ya ce an ɓata masa aiki, ba a buɗe akwatin kwamfutar sai a gaban maƙwabta, kuma ba mai shagon ne ke buɗewa ba. Shaidu biyu sun wadatar. Wisam ya bi hawa na biyu ƙofa-ƙofa ya kwaso mutum tara, har da Sarmad mai sayar da tawadar firinta, wanda ko jana'iza ya je sai ya samo abin dariya.

Aka ba Hajji Abu Gayib kujera mai kyau, shi ne dattijon bene. Baba, wanda bene ke kira Ammu Abu Wisam, wato baffa uban Wisam, yana kan bencinsa, inda ya shekara talatin da ɗaya, hannayensa a kan gwiwa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar Talata ce. Tun a gida da na gan shi cikin rigar nan gabana ya faɗi.

"Bismillah, Sitt Busaina," in ji Hajji. "Faɗa mana a gaban kowa."

Ta gyara mayafi. Idanunta duk sun kumbura.

"Hajji, ni ba rigima ta kawo ni ba. Shekara shida Ammu Abu Wisam ke duba min injin nan, ban taɓa kai shi wani wuri ba. Fim ɗin biki nake haɗawa, ɓangaren mata, kowa ya sani. Aikin ya yi masa nauyi, Ammu ya ce ram ne ya yi kaɗan, a cire tsofaffin a sa manya guda biyu. Yau kwana tara da aka sa."

"Sai me ya faru?"

"Ranar farko lafiya. Ta biyu ya mutu sau ɗaya, na ce wuta ce. A rana ta huɗu na juye fim ɗin wani biki daga katin kyamara, ya nuna min ya gama, na goge katin na tafi wani aikin." Ta nuna injin. "Fim ɗin ba ya buɗuwa, Hajji. In ya buɗu, fuskokin mutane duk kore ne, a yayyanke."

Sarmad ya ce, "Sai a sake bikin mana. Ango ba zai ƙi ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Uwar amaryar ta rasu kwana biyu bayan nan. Rawar da ta yi da 'yarta tana cikin fim ɗin. Babu shi a wurin kowa, don ni na hana a shigo da waya zauren mata. Ni da bakina."

Dariyar Sarmad ta maƙale.

Hajji ya ajiye carbi ya kwance murfin akwatin. Ya danna 'yan maƙullan gefe, ya zaro ram na farko, ɗan siririn allon da injin ke riƙe aiki a cikinsa, ya ɗaga shi wajen haske ya karanta lambar gudunsa.

"Dubu uku da ɗari shida."

Ya zaro na biyu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Dubu biyu da ɗari shida da sittin da shida. Kamfaninsu ma ba ɗaya ba ne." Ya juyo wajena. "Rusul, 'yata, furosesar injin nan, ƙwaƙwalwarsa, gudu nawa take ɗauka?"

"Dubu uku da ɗari biyu, Ammu. Shi masu ita suka lamunce."

"To. Ɗaya ya fi ƙarfinta, ɗaya bai kai ta ba."

Wani daga baya ya ce, "Amma Hajji, ko da an gwama su, ai bod ɗin, babban allon injin, da kansa zai ja su zuwa gudun na ƙasan. Zai yi nauyi, amma ba zai cinye fim ba."

"Shi nake so in gani," in ji Hajji.

Ya mayar da su, ya kunna, ya shiga shafin saiti na ciki, wanda ake shiga kafin injin ya tashi. Mutum tara suka leƙo.

An ɗaga gudun da hannu. Dubu uku da ɗari shida, duka biyun.

"La haula," in ji Hajji a hankali.

Wanda bai san aikin ba zai ga lamba ce kawai. Mu da muka tashi a shagon nan tun muna yara Baba yake gaya mana, ram biyu kamar mutum biyu ne da suka ɗauko firiji suna saukowa da shi daga bene, in ɗaya ya ce sai ya yi gudu, har firijin sai ya faɗi. Bai taɓa sa ram ba sai ya duba abin da furosesa take ɗauka, ya duba jerin da masu bod suka yarda da shi, ya ɗauko biyun daga fakiti ɗaya, sannan ya bar injin yana gwaji kwana guda cur. Masu gaggawa sun sha zaginsa a kan kwana ɗayan nan. Wisam ya fi kowa, shi da yake so a cika shagon da akwatunan gilashi masu fitilu kala-kala, a riƙa sayar wa 'yan wasan kwamfuta gudun da babu mai lamuncewa.

"Abu Wisam," in ji Hajji, "wannan ba aikinka ba ne. Na san hannunka. Wa ya taɓa injin nan?"

Baba bai ɗago ba.

Sai Wisam ya matso. Ya sa muryar nan tasa mai laushi, wadda yake yi wa masu sayen kaya da ita.

"Ammu Hajji, don Allah a bi shi a hankali. Tsoho ne." Ya durƙusa gaban Baba. "Baba, gaya musu. Ya fi kyau su ji daga bakinka."

"In gaya musu me?"

"Ka sani ai."

"Ban sani ba."

Wisam ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka tilasta. Ya zura hannu a aljihun gaba ya fito da wani ram, ya sa a tafin Baba.

"To karanta mana lambar wannan."

Nan take na gane inda ya dosa.

Baba ya juya shi a hannu. Babban yatsansa ya bi bakin zinaren har ya sami tsagar.

"Tsari na huɗu ne. Ga tsagarsa nan." Yatsun suka hau baya. "Ƙwayoyi takwas, gefe guda. Giga takwas."

"Masha Allah. Gudun fa?"

Yatsun Baba suka tsaya.

"Gudun, Baba. Yana jikin sitika. Ai ba a shafo shi da yatsa."

Baba ya ɗaga ram ɗin ya kawo shi daf da fuskarsa. Ya matsar da shi nesa. Ya karkata shi wajen ƙofa. Sai ya juyo da kai inda na saba tsayawa, kusa da butar shayi.

Wisam ya miƙe ya tsaya tsakaninmu.

"Rusul tana hutu yau. Karanta."

"Wisam, ya isa," na ce.

"Ke da wa? Ina magana da mahaifina."

Da ya ce ban gani ba, wallahi da an wuce wurin da sauƙi. Amma mutum ne da bai taɓa cewa ban iya ba a gaban maƙwabta. Ya gyara zama, ya ƙura wa ram ɗin ido kamar mai karatu, har leɓensa na motsi.

"Dubu uku da ɗari biyu."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Ka gani da idonka?"

"Na ce maka na gani."

Wisam ya zare shi daga hannunsa, ya ɗaga sama, ya juya shi gaba da baya don kowa ya gani.

Babu sitika. Babu rubutu ko ɗigo. Sai ɗan tabon gam.

"Da safen nan na ɓare ta," ya ce. "Ga shi, Ammu Hajji, duba da kanka."

Sarmad ya fashe da dariya, ya toshe baki, ta sake kufce masa ta hanci. Wasu biyu suka sunkuyar da kai. Hajji bai karɓi ram ɗin ba.

Baba yana zaune, hannunsa har yanzu a buɗe, kamar abin yana ciki.

Ban taɓa tsanar mutum ba kamar yadda na tsani ɗan'uwana a daidai wannan lokacin. Ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha, amma da ƙasa za ta tsage ta haɗiye shi da ban miƙa hannu ba.

Shi kuwa bai gama ba.

"Jama'a, ba ku taɓa mamakin shayin shagon nan ba? Sau ashirin a rana Rusul ke kai masa istikan na shayi. Kun zaci ƙishirwa ce?" Ya kwaikwayi tafiyata, ya sunkuya kamar mai ajiye kofi, ya yi raɗa da ƙaramar murya. "'Baba, dubu uku da ɗari biyu, giga goma sha shida.' Sai shi kuma ya ɗaga kai ya faɗa wa mai kaya, wai ya karanta. Shekara guda suna wasan nan. Yanar ido ce, duka biyun. Likita ya ce a yi aiki, ya ƙi, wai kada bene ya ji."

"Allah ya isa tsakanina da kai," na ce.

"Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Sitt Busaina ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni.

"Ke kika karanta masa nawa?"

"Ba na nan ranar. Na kai Mama asibiti."

"To wa ya karanta masa?"

Na kalli Baba. Baba ya kalli ƙasa.

Wisam ya ce, "Shi kaɗai ya yi abinsa. Na ce ya jira ta, ya ce tun kafin a haife ni yake wannan aikin. Ya laluba durowa ya ɗauko biyun da hannunsa ya fara kaiwa. Ni me zan ce? Uba ne."

"Makaho kuka ba injina," in ji ta. "Kuna kallona ina shigowa ina cewa Ammu, Ammu, kuna ba ni shayi."

Kalmar nan ta makaho ta sauka a kan Baba, na ga kafaɗarsa ta girgiza.

A nan ne abin ya faɗo min. Na ture Wisam na tsaya gaban Hajji.

"Ammu, tambaya ɗaya. Yanzun nan aka nuna muku Baba ba ya ganin sitikar da ke tafin hannunsa. Haka ne?"

"Haka ne, 'yata."

"To mu ce ya laluba ya ɗauko biyun da ba su dace ba. Da an bar su, da sun tafi a gudun na ƙasan, da fim ɗin Sitt yana nan lafiya. Abin da ya cinye shi ɗaga gudun ne. Shafin saitin nan rubutunsa ya fi na sitika ƙanana, sai an bi layi-layi an zaɓo lamba. Mutumin da ba ya gani, ta yaya ya shiga can ya zaɓi dubu uku da ɗari shida?"

Kawuna suka fara juyowa, ɗaya bayan ɗaya.

"Mu uku ne a shagon nan. Ni ina asibiti. Baba ba ya gani." Na kalle shi ido cikin ido. "Saura wa, Wisam?"

Fuskarsa ta canza. Zufa ta tsattsafo masa a saman leɓe. Hajji ya ɗauki carbinsa ya miƙe tsaye a hankali.

"Wisam, ƙanwarka ta yi tambaya."

"Ni... Ammu, ai..."

"Ni na ɗaga."

Muryar Baba ce.

Na juya. "Baba!"

"Ni na ɗaga shi. Yatsuna sun san hanya, ba sai da ido ba. Na so injin ya yi mata sauri, ta ji daɗi."

"Baba, kai da ka kori mutum daga shagon nan don ya ce ka ɗaga masa gudu? Kai?"

"Rufe min baki."

"Wallahi ba kai ba ne! Ammu, a ba shi ya nuna mana yadda ya yi!"

"Rusul!" Ya buga tebur har sukurori suka yi tsalle. "Wa ya sa da ke? Maza suna magana." Ya juya wajen da yake jin numfashin Hajji. "Ka yi haƙuri da ita, Hajji. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta son ɗan'uwanta da alheri. Baƙin ciki ne. Ta ga shagon zai koma hannunsa."

Shekara guda ina zama idonsa. Na bar aikin da aka ba ni a unguwar Karrada don in tsaya kusa da butar shayi. Ko Mama ban gaya wa ba. Ga ladana, a gaban mutum tara, har da Sarmad.

Ban yi kuka ba. Na so in yi, ya ƙi zuwa.

Hajji ya daɗe yana kallon Baba. Shi Allah bai ba shi haihuwa ba, shi ya sa muke kiransa Abu Gayib, wato uban wanda babu, kuma duk rayuwata tausayinsa nake ji. Ran nan na daina.

"Abu Wisam, ka san abin da maganar nan take nufi?"

"Na sani."

"In ka amsa da bakinka, ba ni da yadda zan yi. Daga yau hannunka ba zai sake shiga akwatin wani ba a benen nan."

"Na ji."

"In kuma akwai abin da kake so ka ƙara..."

"Babu."

Baba ya laluba aljihu ya ciro makullin durowar kayan aiki. Ya miƙa shi cikin iska, ba daidai inda Wisam yake ba. Wisam ya zagayo ya karɓa, ya sunkuya ya sumbaci kansa.

"Allah ya ƙara maka lafiya, Baba. Ka huta haka. Ai ka yi mai wuyar."

Daga nan ya ciro tef ɗin awo daga aljihun wando. A aljihunsa yake tun safe. Ya ja shi a kan teburin, daga bango zuwa gwiwar hannun Baba.

"Ɗan ɗaga hannunka, Baba."

Baba ya ɗaga.

"Mita biyu da rabi. Akwatin gilashi huɗu za su zauna." Ya dubi Sarmad. "Mai gilashin nan na ƙasa yana nan?"

Hajji ya tofar da yawu a kwandon shara. Ya cire faifan ajiya daga injin Sitt Busaina, ya ce zai kai wa wani masani a hawa na uku ko za a ceto wani abu, amma kada ta sa rai. Suka fita tare. Sauran suka zame ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna ya bar shago a buɗe. Wisam ya sauka neman mai gilashi yana kaɗa makulli a yatsa.

Shagon ya rage daga ni sai Baba.

Na fara tattara kofuna, don in ban riƙe wani abu ba zan fasa wani abu.

"Rusul."

Na ci gaba da tattara kofuna.

"Rusul, 'yata. Zo."

"Mai baƙin ciki ba ta zuwa."

"Zo ki zauna."

Na zo, amma ban zauna ba.

"Me ya sa, Baba? Na kama shi. Hajji ya gane. Kowa ya gane. Kalma ɗaya za ka faɗa."

"In na faɗa, ya gama a Titin Sina'a. Wanda ya ɓata injin mai kaya da gangan, ko kebul ba mai sake saya a hannunsa. Shekararsa talatin da huɗu, yana da 'ya'ya biyu. Ni kuwa na ci zamanina."

"Shi ne ka yanka ni ka rufa masa asiri."

"Ke za ki warke. Shi ba zai warke ba."

"Wa ya gaya maka zan warke?"

Yatsunsa suna shafa gefen teburin, inda katakon ya lotse saboda gwiwar hannunsa.

"Wisam ne ya karanta maka, ko?"

"Shi ne." Ya numfasa. "Ranar da ba kya nan, Sitt ta kawo injin. Na rasa yadda zan yi. Na kira shi nan, na ce ɗana, idona ya tafi, karanta min. Ke da kanki kika gane, ban gaya miki ba. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa da bakina."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce, haba Baba, tun yaushe? Har ya rungume ni. Ya kawo min biyu, ya ce dubu uku da ɗari biyu ne duka, fakiti ɗaya."

"Ka yarda da shi. Ba laifinka ba ne."

"Ban yarda ba."

Na ajiye kofunan.

"Ina taɓa su na sani. Ɗaya ƙwayoyinsa gefe biyu ne, ɗaya gefe guda. Abin da ya fito daga fakiti ɗaya ba ya zama haka. Tun kafin su shiga gurbi na san ƙarya ya yi min."

"Kuma ka sa?"

"Na sa. Na ɗauko murfin. Sukuru huɗu ne, Rusul. Kowanne na juya shi a hankali, a hankali, ina jira ya ce Baba tsaya, na yi kuskure. Yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Na gama na farko. Na gama na biyu. A na huɗun har na yar da shi ƙasa da gangan, don in ƙara masa lokaci. Ya tsinto min ya sa min a hannu."

Sai a lokacin hawayen suka zo min.

"Na ce a raina ba komai, zan bar shi a gwaji kwana guda, in kin dawo mu canza, ba mai ji. Na fita Azahar. Da na dawo ina bakin ƙofa na ji fankar injin ta tashi ta mutu, ta tashi ta mutu, sau uku. Kin san abin da ke sa inji yin haka."

"An canza masa gudu."

"Idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Na koma masallaci na zauna, na kasa shigowa in haɗa fuska da shi. Kafin La'asar ya kira Sitt ta zo ta ɗauka. Ya ce mata wai na ce wannan ba ya buƙatar gwaji."

"Baba..." na ce. "Ka san an ɗaga gudun. Ka san injin yana gidanta tana aiki da shi."

"Na sani."

"Lambarta tana wayata. Kira ɗaya. Ka ce ta kashe shi ta dawo da shi."

"Kullum da safe sai in ce yau zan sa ki kira ta. Sai in tuna za ki tambaye ni dalili. In na faɗi dalili, sai na faɗi suna." Ya share fuska da hannun farar rigarsa. "Na ce wataƙila injin ya jure. Wasu suna jurewa."

"Kwana tara, Baba."

"Kwana tara."

"A rana ta huɗu na goge katin."

Ba ni na faɗa ba.

Sitt Busaina ce tsaye a bakin ƙofa. A hannunta akwai leda, da kofi biyu na ruwan rumman mai sanyi, irin na mai keken da ke ƙasa. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Na kai bakin titi na dawo," ta ce, a hankali ƙwarai. "Na ce na kira dattijo makaho a gaban mutane, ban kyauta ba. Na ce ciwo ne, ba mugunta ba. Na zo in ce na yafe."

Baba ya yunƙura zai tashi, gwiwarsa ta bugi tebur.

"'Yata..."

"Kada ka ce min 'yarka. Na ga yadda kake yi da 'yarka."

Ta ajiye ledar a ƙasa, kofi ɗaya ya kife, jan ruwan ya bi tayil ya nufi ƙafarsa. Ta buɗe jaka ta ciro waya, ta latsa, ta sa a lasifika. Muna jin tana ringi. Sau ɗaya. Sau biyu.

"Alo? Sitt Busaina?" Muryar yarinya ce, ta dishe saboda kuka. "An samu? Don Allah ki ce min an samu Mamana."

Sitt Busaina ta tako har gaban benci. Ta kamo hannun Baba, ta buɗe tafin, ta ɗora masa wayar.

"Ga amaryar," ta ce. "Wannan ba sai da ido ba. Gaya mata."